Tamfal a Keken Haula

Da cika baki sana'a ce, da tuni Babayo ya gina bene a Gashua. Babu aikin da za a ambata a gabansa bai ce ya yi shekara bakwai yana yin sa ba. Tuƙin kwalekwale shekara bakwai, gyaran janareto shekara bakwai, ɗorin karaya ma shekara bakwai. Wata rana 'yan teburin mai shayi suka zauna suka haɗa masa shekarun nan, sai suka tarar ya girmi mahaifinsa. Abin da unguwa ta shaida da idonta kuwa bai wuce wannan ba: Babayo yana kwana a ɗakin zauren gidansu, yana cin tuwon yayarsa Haula, kuma ko maɓallin rigarsa ne ya cire, ita yake miƙa wa.

Haula tela ce ta cikin gida. Kekenta baƙi ne, na takawa da ƙafa, wanda mahaifiyarsu ta rasu ta bari. A gefen kansa akwai wurin da fenti ya goge tas, daidai inda tsohuwar ta yi shekara talatin tana dafa hannu. Da keken nan aka rene su, da shi kuma Haula take cin abinci yau, har ta ciyar da ƙaton banza. Lokacin da abin nan ya faru saura kwana shida Babbar Sallah, atamfofin matan unguwa sun yi tsibi a kan gadonta, kowace kuwa ta yi mata alkawari. Duk da haka rigar Babayo ta fara ɗinkawa, babbar riga ta farin yadi, ta goge ta ninke masa, saboda duk lalacewarsa ƙaninta ne.

Ran nan da sassafe za ta Jakusko barkar haihuwa, sai ta tsaya a bakin zaure tana gyara mayafi.

"Babayo, ka ji ni da kyau. Keken nan, ko ƙura ka gani a kansa, ka bar masa ƙurarsa."

"Yaya, kin manta a gado namiji kashi biyu yake ɗauka? Keken Inna kashi biyu nawa ne, ɗaya naki. Haƙuri kawai nake yi da ke."

"To, ci gaba da haƙurin," in ji ta. Ta kulle ɗakin, ta tura makullin ƙarƙashin randa, inda ta shekara ashirin tana ɓoye shi kowa yana gani.

Babayo ya wuce teburin mai shayi, ya tarar da Laminu, direban a-kori-kura, yana ta tsaki. Laminu ya yi lodin kwalayen bandar kifi zai kai Nguru don cin kasuwar gobe, ga damina ta kankama, kullum da yamma sai hadari ya haɗo. Tamfal biyu gare shi, shuɗaye masu kauri, amma kowanne shi kaɗai ba ya rufe motar.

"Da a Nguru nake," in ji Laminu, "da na kai wa Baba Goni ya haɗe mini su cikin minti goma. Amma yaya zan kai kifin can a buɗe?"

Babayo ya ajiye kofin shayi a hankali.

"Goni? Ɗan tsohon nan mai rumfa a bakin kasuwa? Shekara bakwai na yi a rumfarsa. Ranar da zan bar shi, wallahi kuka ya yi. Yanzu ma in ɗinki ya gagare shi, waya yake bugo mini."

"Wace wayar?" in ji mai shayi. "Wadda batirinta ya kumbura tun azumi?"

Babayo bai ko kalle shi ba. Ya ce wa Laminu, "Aiko da tamfal ƙofar gidanmu. Kafin azahar ka zo ka ɗauka."

"Da wane keken za ka ɗinka?"

"Namu na gida."

"Keken ɗinkin atamfa?"

"Kai direba ne, Laminu, ba ka san komai ba. Keke ba ya ɗinki, hannu ke ɗinki."

Laminu ya dubi sama, ya ga gajimare ya fara taruwa ta gabas, ya ce to.

Mai hankali da a cikin ɗaki zai yi ɓarnarsa ba wanda ya gani. Babayo kuwa sai da ya sa Kalli, wani ƙaton ɗan dako da Laminu ya aiko da tamfal, ya kinkimo keken har gindin bishiyar maina ta ƙofar gida, inda duk mai zuwa bakin kogi sai ya wuce. Sannan ya shiga ɗaki ya zura sabuwar rigarsa ta Sallah a kan wata singileti da ɓeraye suka gama da ita, wai babban tela ba ya aiki da tsumma. Kafin ya zauna mutane sun fara taruwa. Hajja, tsohuwar maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai, ta jawo kujerarta bakin ƙofa ta zauna tana taunar goro.

Ya haɗa bakin tamfal biyun, ya ninka su, ya ƙara ninkawa, ya cusa a ƙarƙashin allura da ƙyar. Ya yi bismilla da ƙarfi yadda na bakin titi za su ji, ya taka. Ƙas! Allura ta karye, kanta ya yi tsalle ya faɗa cikin hular wani mai kallo. Ya sa wata, ƙas. Ya sa ta uku, ita ma ta bi 'yan'uwanta. Kafin hantsi ya ɗaga, gwangwanin allurar Haula babu komai a ciki sai alli.

"Allurar mata ce," in ji Babayo yana kakkaɓe hannu. "Ba ta san hannun maza ba."

"Uwarka da allura ɗaya take yin azumi har Sallah," in ji Hajja. "Kai ka cinye takwas ko karin kumallo ba su yi ba."

"Hajja, wannan aikin injiniya ne, ba ƙosai ba."

"Ƙosaina dai in na sa a mai yana fitowa."

Ya aika aka karɓo masa basilla, irin wadda ake ɗinke bakin buhu da ita. Hujinta a gindi yake, na allurar keke kuwa a baki, amma wannan bai dami Babayo ba. Ya zauna ya goga gindin a jikin dutse har ya yi tsini, ya juya ta, ya cusa a keken, ya ɗaure da filaya. Da ya taka, basilla ta huda tamfal kam, ta kuma daki wani abu a cikin keken, ya yi wata ƙara marar daɗi. Babayo ya ce ai keken ne yake gaisawa da sabuwar allura. Sai zare ya tsinke. Ya zura, ya tsinke. Ya sake zurawa, ya sake tsinkewa.

Wani masunci da ke tsaye da komarsa a kafaɗa ya ce, cikin raha, "Sai dai ka sa zaren koma."

"Yanzu na ji magana!" in ji Babayo. "Dama jira nake in ga ko akwai mai hankali a cikinku. Zaren da ke riƙe giwan ruwa, tamfal ne zai gagare shi?"

Ya karɓi zaren roba na koma, mai kauri da santsi, ya naɗa a sama, ya naɗa a ƙoshiyar da ke ƙasa, wadda ke riƙe zaren ciki. Zare ya daina tsinkewa. Sai kuma tamfal ya ƙi tafiya, ya tsaya cak, basilla tana ta sara wuri ɗaya. Babayo ya ce kaurin ninkin ne, a Nguru daka shi ake yi ya yi laushi. Wannan kam gaskiya ne, ana yi, amma a ƙasa ake yi, a kan kututture. Shi kuwa ya ari taɓaryar Hajja, ya shimfiɗa ninkin a kan teburin keken, ya ɗaga ya maka. A bugu na uku teburin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan.

"Taɓaryata!" in ji Hajja.

"Lafiyarta ƙalau."

"Na sani. Teburin marayu nake yi wa jaje."

Babayo ya rufe tsagar da gefen tamfal, ya ce yanzu saura santsi. Man keken Haula ɗan kaɗan ne a kwalba, don haka ya aika wurin masu banda aka ɗebo masa man kifi a gwangwani. Ya shafe tamfal, ya ɗura wa keken ta kowace kafa da ya gani, har yana ɗiga a ƙasa. Ba a yi minti biyar ba ƙudajen unguwa suka sami labari. Kyanwoyi uku suka zo suka zauna a sahun gaba, su ne kaɗai a wurin suke kallon Babayo da girmamawa.

Abin mamaki, tamfal ya fara tafiya. Nan fa kan Babayo ya ƙara girma. Ya kama ɗan ƙarfen da ke daidaita tsawon ɗinki, ya mayar da shi can ƙarshe, inda allura ke saka huji kusa da huji ba tazara.

"Ku matso ku koya, kyauta ne," in ji shi. "Ragwayen teloli su ke ɗinki mai faɗi don su gama da wuri. Ni nawa ko iska ba ta wucewa. Kuma sau uku zan bi kowane layi."

Ya bi na farko, ya bi na biyu, gumi ya jiƙa sabuwar riga, ƙafafunsa suka fara rawa. Keken da aka yi don atamfa, kowane taku sai ya yi nishi. Babayo ya ce ƙafar babban tela ba ta wahala, ya kira Kalli. Kalli kuwa mutum ne da ke ɗaukar buhun shinkafa biyu yana waƙa. Ya tsaya ta bayan keken, ya ba Babayo baya, ya dafa bishiya, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan abin takawa.

"In taka da ƙarfi ko a hankali?" in ji Kalli.

"Taka kamar kana jin haushinsa. Kada ka tsaya sai na ce."

Kalli ya taka. Keken Inna, wanda bai taɓa gudun da ya wuce na kalmasa zane ba, ya kama kururuwa yana tsalle a ƙasa, kyanwoyin suka watse. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Babayo da ya ga wayoyi sai ya saki tamfal da hannu ɗaya, ya juyo yana ɗaga musu hannu yana murmushi, faffaɗan hannun rigarsa ya sauko ya kwanta a kan tamfal. Basilla ba ta san riga ba, ba ta san tamfal ba. Ta ja su tare.

"Kalli."

Kalli yana waƙa.

"Kalli, tsaya! Tsaya, don Allah, tsaya!"

Kafin maganar ta isa kunnen Kalli, keken ya haɗiye kamu guda na farin yadi, zaren koma ya cukurkuɗe a ƙasa ya zama dunƙule, komai ya cije. Kalli da ya ji abin takawa ya yi tauri sai ya ƙara masa nauyi. Ƙarfen da ke haɗa abin takawa da babban wili ya ce ƙwaras, ya rabu biyu. Aka bar Babayo a sunkuye, kuncinsa a kan tamfal, ƙudaje suna zagaya hularsa.

A haka Haula ta same shi, ta sauko daga motar Jakusko da ƙullin kayan barka a hannu.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi wa Babayo sauƙi. Ta ajiye ƙullin, ta zagaya keken sau ɗaya, ta ga tsagar tebur, ta ga karyayyen ƙarfe, ta ga man kifi yana ɗiga. Ta ɗora hannunta a wurin nan da fenti ya goge. Zuciyarta ta karye, don ji ta yi kamar yau aka sake yi mata rasuwar Inna, ga kuma kayan mutane a kan gado da kwana shida kacal. Ta ɗauko sukudireba daga aljihun teburin, ta kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, ta ciro dunƙulen zaren daga cikin keken. Babayo ya miƙe, tamfal ya biyo shi. Rigar da tamfal sun zama abu ɗaya, ƙullin zaren koma kamar dunƙulen hannu ya haɗe su.

"Yaya, ƙaramin abu ne, dama keken ya tsufa…"

"Rufe mini baki."

Daidai nan Laminu ya iso da motarsa, ana kiran azahar. Haula ta ɗaga ɗinkin ta saitin rana, haske ya ɓullo ta cikinsa layi uku reras.

"Malam Laminu, wannan ba ɗinki ba ne, yanka ne da bai ƙarasa ba. Dubi hujin, kowanne yana taɓa ɗan'uwansa. Iska ta kama shi, ta nan zai rabu."

"Hassada ce!" in ji Babayo. "Tun muna yara ba ta son a yabe ni. Wannan ɗinkin sai jikokinka sun gaje shi."

Laminu ya dubi ɗinkin, ya dubi hadari, ba shi da wani tamfal, ba shi da lokaci. Ya zaro wuƙa ya ce bari ya yanke hannun rigar a wuce wurin.

"Rigar Sallata? Yanke tamfal ɗinka dai."

"In huda tamfal ɗina a tsakiya ana damina? To tuɓe rigar, in na dawo jibi ka karɓa."

Babayo ya tuna singiletin da ke ciki, ya dubi matan da suka cika ƙofar Hajja, ya dubi wayoyin samari. Ya gyara murya.

"Kun ga jahilcin da nake faɗa? Wannan da gangan na yi. A Nguru, babban tela in ya gama aiki, haɗa kansa yake yi da shi, ya raka shi tafiyar farko. Shi ne shaidar ya yarda da hannunsa."

"Allah ya raya al'ada," in ji Hajja. "Kalli, ɗora shi."

Bayan an idar da salla, wadda Babayo ya yi da tamfal shimfiɗe a gefensa, aka rufe kwalayen kifi, aka ɗaure da igiya, aka ɗora shi can ƙololuwa daidai tsakiyar ɗinkin. Haula kuwa ta kwance kan keken daga teburin, ta naɗe shi da zane, ta sa karyayyen ƙarfen a jaka, ta shiga gaban mota ta rungume shi a cinya. Ta ce Baba Goni yana gyaran keke, in akwai mai ceton wannan, shi ne. Da Babayo ya ji sunan daga can sama, sai ya tuna da cika bakin da ya yi a teburin mai shayi.

Har suka fita Gashua yana ɗaga wa mutane hannun da ya rage masa. Da suka kusa Jajimaji iskar hadari ta taso. Ta shiga ƙarƙashin tamfal ta kumbura shi, sai aka ji fyaaat daga baya, layin farko ya fara buɗewa tiryan-tiryan, ko almakashi ba zai yi shi da kyau haka ba. Babayo ya kwanta a kai, ya danne da ciki, layi na biyu ya buɗe ta ƙarƙashinsa. Rabin tamfal ya tsinke igiya, ya tashi sama ya sauka a gonar gero, wani manomi ya yar da fartanya ya bi shi da gudu yana godiya ga Allah. Ɗaya rabin ya bi bayansa kafin su wuce garin. Abin da ya rage shi ne siririn tsiri mai tsawon mota, wanda ke tsakanin layukan, manne da hannun rigar Babayo, yana kaɗawa a bayansu.

Laminu ya leƙo ta taga. "Injiniya! Jikokin nawa a gonar wa za su je karɓar gadon?"

"Tuƙinka ne! Wa ya ce ka yi gudu da sabon ɗinki?"

Laminu ya taka mota, hadari na bin su a baya, da ƙyar ya shiga Nguru ya cusa ta ƙarƙashin rumfar masu banda kafin ɗigon farko ya sauka. Kifi ya tsira. Da aka gama sauke kaya ruwan ya tsagaita, Laminu ya kama ƙarshen tsirin tamfal ɗin ya ja Babayo ta tsakiyar kasuwa, Haula na biye da kan keke. Masu banda da 'yan dako da masu sayar da igiya suka bi su don kashe ƙwarƙwatar ido. Babayo ya ja hula har gira.

Baba Goni tsoho ne siriri mai tabarau, yana zaune a bayan wani ƙaton keken ɗinkin tamfal mai inji.

"Wushe, Baba," Laminu ya gaishe shi da Barbarci. "Ga ɗalibinka na kawo maka. Wanda ya yi shekara bakwai a nan, ka yi kuka ranar da zai tafi."

Tsohon ya sauke tabarau, ya ɗaga hular Babayo da yatsa ɗaya, ya daɗe yana kallon sa.

"Na gane shi. Kuka kam na yi, bai yi ƙarya ba."

Babayo ya ɗago kai, ya fara gyara tsayuwa.

"Kwana uku ya yi a nan," in ji Baba Goni. "Aiki ɗaya na ba shi, ya riƙe mini gefen tamfal. A rana ta uku masu wasa da maciji suka zo wucewa, ya saki ya bi su. Nauyin tamfal ya jawo kan keke ya faɗo mini a ƙafa." Ya zare takalmi ya ɗaga babban yatsansa. "Ga shi, har yau farcen bai dawo ba. Kukan da na yi har tashar jirgi an ji."

Kasuwa ta ɗauka. Wani mai igiya dariya ta kayar da shi daga kan benci. Babayo ya sake jan hularsa har gira.

Haula ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kan keken a gaban tsohon, ta warware zanen. Baba Goni ya sansana, ya kawar da kai.

"'Yata, keke ne wannan ko miya?"

Ya kwance shi gaɓa-gaɓa. Ya ciro zaren koma, ya ciro kawunan allura guda biyar, ya ciro basillar da ta lanƙwashe, ya ɗaga ta sama jama'a su gani. Ya wanke komai da kananzir. Da ya zo kan ƙoshiya sai ya juya ta a tafin hannu. Basilla ta fasa mata baki.

"Irin wannan an daina yin ta," in ji shi.

Haula ta zauna a bakin benci. Tsohon ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da tarkacen ƙarafa, ya zazzage, ya yi ta tonawa da yatsa. Can ya ɗauko wata, ya hura, ya goga a rigarsa, ya saka. Ya sa allura ta gaskiya, ya sa ƙyalle, ya juya ƙaramin wilin da hannu. Keken ya yi ƙararsa ta da, siririya mai daɗi, ɗinki ya fito sumul sama da ƙasa. Haula ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta miƙa masa karyayyen ƙarfen.

Baba Goni ya girgiza kai. "Wannan ƙarfen zubi ne, walda ba ta riƙe shi. Sai na aika Kano, kuma ba zai zo ba sai bayan Sallah." Ya ɗauko wani mariƙi ya ɗaura a jikin ƙaramin wilin. "Da wannan za a iya juya shi da hannu. Amma kayan Sallah da hannu ɗaya ba za ki gama ba. Sai kin sami wanda zai zauna yana juya miki daga safe har yamma."

Haula ta juya a hankali ta dubi ƙaninta. Duk kasuwar ta juya tare da ita.

"Yaya, ni fa ina da harkoki…"

"Ka ce kashi biyu na keken nan naka ne. Na yarda, a gaban shaidu. Tebur da ƙafa naka ne, ka kuwa karya abinka. Kan keken kuwa shi ne rabona. Gobe da hantsi ina son ganin ka."

Baba Goni ya sa almakashi ya rage tsirin tamfal ɗin, ya bar wani yanki kamar faifai a jikin hannun rigar. Ya ce ƙullin nan in aka taɓa shi rigar za ta yage, kuma a iya saninsa shi ne ɗinki ɗaya da Babayo ya taɓa yi ya riƙe, bai kamata a ɓata shi ba.

Kwana biyar Babayo yana zaune a kan kujerar tsugunno a tsakar gida, kan keken yana bisa turmin da aka kife, mata na shiga suna fita. Haula ta ce juya, ya juya. Ta ce tsaya, ya tsaya. In ya yi sauri ta buge masa hannu da abin awo. Duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta tsaya ta gaishe shi da aiki, Hajja kuwa nan ta mayar da wurin hirarta. Da jajibere, kafin la'asar, atamfa ta ƙarshe ta bar gidan, ba wadda aka saɓa wa alkawari. Ranar Idi Babayo ya fita da babbar rigarsa, da ya naɗe hannun a kafaɗa sai shuɗin tamfal ya hau sama sosai, kyanwa ɗaya ta raka shi har bakin titi.

Bayan Sallah da mako guda, Haula na ɗinkin kayan wata amarya, Babayo na juyawa yana gaya wa Hajja cewa a manyan kamfanoni ma mai juya wili shi ne babba, sai wayar Haula ta yi ƙara. Baba Goni ne, ya ce ƙarfe ya iso daga Kano, ta aiko a karɓa. Babayo ya ji, ya saki mariƙin, ya miƙe yana murza kafaɗa, baki har kunne.

Haula ta dube shi, ta dubi tsagaggen teburin Inna da ke jingine a bango.

"Ajiye shi a wurinka tukuna, Baba," ta ce. "Mai juya mini shekara bakwai yake yi a kowace sana'a, yau kuwa kwanansa goma sha biyu."

Ta kashe wayar, ta gyara zaman atamfa a ƙarƙashin allura.

"Juya."